Ƙwayar Bakteriya Ba Ta Almubazzaranci: Darasi Kan Madara, Mashaƙo Da Allurar Ciwon Sukari



Duk wanda ya yi zaman Sabha lokacin zafi ya san madara ba ta da haƙuri. A ɗauke wuta da safe, firji ya huce, kafin la'asar ta soma tsami. Mu dai sai mu ce ta lalace. Abin da ya faru kuwa shi ne, waɗansu halittu da ido ba ya gani sun faɗa mata, sun cinye sukarin da ke cikinta, sun bar mana tsami a madadinsa. Su ake kira bakteriya.

To ga tambayar darasinmu na bana: halittar da ba ta da ido, ba ta da hanci, ba ta da ƙwaƙwalwa, yaya take gane irin abincin da ke gabanta, har ta fito da kayan aikin da ya dace da shi? Amsar a taƙaice ita ce, bakteriya tana ɗauke da umarnin ƙera dubban kayan aiki, amma da yawa daga cikinsu ba ta ƙera su sai buƙatarsu ta taso, kuma abincin da kansa ne yake buɗe umarnin ko ya rufe shi. Wannan tsimi nata ya shafi ƙwaryar nono, ya shafi maƙogwaron ƙannenmu, ya shafi allurar da masu ciwon sukari suke yi kullum. Ga wani abin sha'awa kuma: ɗaya daga cikin mutanen da suka gano wannan sirri ya taɓa taka ƙasarmu ta Fazzan.

Wace ce wannan ƙwaya?

Bakteriya iri-iri ce, amma wadda masana suka fi bincike a kanta ita ce Escherichia coli, wadda ake taƙaitawa E. coli. Wani likitan yara Bajamushe mai suna Theodor Escherich ne ya fara bayyana ta a 1885. Mazauninta hanjin mutum da na dabbobi. Akasarin nau'o'inta ba sa cutar da kowa, ko da yake akwai masu sa gudawa idan suka shiga ruwan sha ko abinci. Ƙanƙantarta kuwa, sai an jera kamar 500 baki da wutsiya kafin su cika milimita ɗaya a jikin rula.

A cikin kowace ƙwaya akwai wani dogon zare a naɗe, wanda a ajin kimiyya ake kira DNA. Mu kira shi zaren gado, tunda shi uwa take bar wa 'ya'yanta duk lokacin da ta rabu biyu. An rubuta shi da haruffa huɗu kacal na sinadari, kuma na E. coli yana da haruffa kusan miliyan 4.6. An gama karanta shi kaf a 1997. Zaren nan gaɓa-gaɓa ne kamar rake, kuma kowace gaɓa tana ɗauke da umarnin ƙera kayan aiki guda. Waɗannan gaɓoɓin gado sun haura 4,000.

Kayan aikin da ake ƙerawa su ne furotin. Wani furotin ƙofa ne a bangon ƙwaya, yana shigo da abinci. Wani wuƙa ne, yana yanka abincin. Wani magini ne, yana harhaɗa abin da ƙwaya take buƙata. Masu yanka da harhaɗawa su ake kira inzayim.

Littafi, allo da maƙera

Yaya umarnin da ke kan zare yake zama kayan aiki? A nan mu 'yan makaranta mun fi kowa saurin ganewa. Littafin malam ba a fita da shi daga zaure, kuma ba a kwafe shi gaba ɗaya a rana ɗaya. Ɗalibi yana rubuta karatun yau kaɗai a allo. In ya biya ya riƙe, sai a wanke allon a rubuta na gaba.

Haka abin yake a cikin ƙwaya. Zaren gado shi ne littafin. Akwai wani babban inzayim, mu kira shi magatakarda, wanda yake sauka a farkon gaɓa, ya bi ta yana kwafe ta a kan wani gajeren zare mai suna RNA. Wannan kwafin shi ne allon. Daga nan sai allon ya isa maƙera, wato ribosom, inda ake karanta shi a ƙera furotin. Allon ba ya daɗewa: cikin 'yan mintoci ƙwaya take wargaza shi. Saboda haka da zarar magatakarda ya daina kwafe wata gaɓa, maƙera ma sai ta daina ƙera kayanta ba da jimawa ba.

Kun ga ke nan, duk wanda ya iya tare magatakarda ko ya ba shi hanya, shi ke da iko da abin da ƙwaya za ta ƙera. Ku riƙe wannan, don shi ne ginshiƙin darasin.

Me zai hana ta ƙera komai ta huta?

Saboda ƙira tana da tsada. Kowane furotin yana cin ƙarfi, yana cin kayan haɗi, yana kuma tare wuri a maƙera. Abin da aka kashe a kan wuƙar da babu abin yankawa da ita, an rage shi ne daga abin da za a yi girma da shi.

Mu yi ɗan lissafi. Idan abinci ya wadata, ɗumi ya yi daidai, E. coli tana rabuwa biyu duk minti 20. A awa 7, wato minti 420, ta rabu sau 21 ke nan, ƙwaya ɗaya ta zama 2,097,152. Yanzu mu ƙaddara akwai 'yar uwarta almubazzara, mai ƙera kayan da ba ta buƙata, har hakan ya ja mata jinkirin minti ɗaya tak a kowace rabuwa. Ita duk minti 21 take rabuwa. A awa 7 ɗin nan sau 20 za ta rabu, ta zama 1,048,576. Rabin ta farko ke nan. Minti ɗaya fa! In aka ƙara wata awa 7 ta koma ɗaya bisa huɗu. Kafin 'yan kwanaki sai a neme ta a rasa. Shi ya sa a duniyar bakteriya mai tsimi ce take gaje wuri.

Daga Faris zuwa Fazzan

Labarin gano wannan al'amari ya soma ne a birnin Faris lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Wani ɗalibin bincike mai suna Jacques Monod yana kiwon bakteriya a kwalabe, yana auna yadda suke yawaita. Da ya haɗa musu sukari iri biyu a kwalba ɗaya, sai ya ga abin mamaki a waɗansu haɗe-haɗen: su yi ta ƙaruwa, sai su tsaya cak na ɗan lokaci, sannan su sake tashi. Ya rubuta wannan a kundin digirinsa na 1941. Ashe sukari na farko suke cinyewa tukuna, ba su taɓa na biyu ba. Tsayawar nan ita ce lokacin da suke ƙera kayan aikin cin na biyun. Misalin da ya fi shahara shi ne gulukos da laktos. Gulukos shi ne sukari mai sauƙin ci, irin wanda yake da yawa a dabino da zuma. Laktos kuwa sukarin madara ne, sai an tsaga shi gida biyu kafin ya ciwu.

A daidai wannan lokaci wani saurayi, François Jacob, wanda aka haifa a 1920, ya bar karatun likita a shekararsa ta biyu. Da Jamus ta mamaye Faransa a 1940, sai ya tsallaka Ingila ya shiga rundunar Faransawan da suka ƙi miƙa wuya. Aka tura shi Afirka a matsayin ma'aikacin jinya na soja. Yana cikin yaƙin Fazzan, lokacin da rundunar Janar Leclerc ta taso daga Cadi ta keto hamada, ta karɓe Murzuƙ da Sabha daga hannun Italiya a watan Janairu na 1943. Ganuwar nan da ke kan tudu a gefen garinmu, wadda Italiyawa suka gina, har sunan Leclerc aka taɓa sa mata, domin Faransa ce ta riƙe Fazzan daga nan har zuwa 1951. Jacob ya wuce Tarabulus da Tunisiya, daga baya ya samu mummunan rauni a Normandi a watan Agusta na 1944. Burinsa ya zama likitan tiyata, amma raunin ya hana. Sai ya koma bincike, ya shiga Cibiyar Pasteur ta Faris a 1950, inda ya tarar da Monod.

Su biyun suka haɗa kai. A 1961 suka wallafa bayanin da za mu karanta yanzu, a 1965 kuma aka ba su kyautar Nobel tare da André Lwoff, wanda a ƙarƙashinsa Jacob ya fara aiki.

Ayarin laktos da mai gadinsa

Domin E. coli ta ci laktos, kaya biyu ne dole: ƙofar da za ta shigo da shi, da wuƙar da za ta tsaga shi ya zama gulukos da galaktos. Gaɓoɓin da ke ɗauke da umarninsu suna jere ne kusa da juna a kan zare, tare da ta uku mai ƙaramin aiki. Sunayensu lacZ mai wuƙa, lacY mai ƙofa, da lacA. Magatakarda yana kwafe su ukun a allo ɗaya, a tafiya ɗaya. Jacob da Monod suka kira irin wannan jeri oferon. Mu sai mu ce ayari, don kamar raƙuman fatake suke: tare suke tashi, tare suke zango.

A gaban ayarin akwai wurare biyu a kan zaren. Na farko masauki ne, inda magatakarda yake sauka ya fara kwafa. Na biyu, dab da shi, shinge ne. Akwai kuma wata gaɓa dabam, lacI, wadda kullum take ƙera wani furotin kaɗan-kaɗan. Shi ne mai gadi. Aikinsa ɗaya ne: ya je ya zauna daram a kan shingen. Muddin yana zaune, magatakarda ba ya samun yin aikinsa, ba allo, ba ƙofa, ba wuƙa. Mai gadin nan bai da yawa, kamar guda goma ne a cikin ƙwaya ɗaya, shi ya sa sai a 1966 Walter Gilbert da Benno Müller-Hill suka iya ware shi a Jami'ar Harvard ta Amurka.

To, in madara ta iso fa? A nan hikimar take. Mai gadi yakan ɗan saki shingen jefi-jefi, don haka ko da babu laktos akwai 'yan ƙofofi da 'yan wuƙaƙe ƙalilan a ajiye. Ta waɗannan 'yan ƙofofin laktos kaɗan yake shiga. Wuƙar kuma, ban da tsagawa, takan juya wani ɓangare na laktos ɗin ya zama ɗan uwansa mai suna alolaktos. Shi wannan alolaktos yana da gurbi a jikin mai gadi. Da ya shiga gurbin sai siffar mai gadi ta sauya, ya kasa riƙe shingen, ya saki. Magatakarda ya samu hanya. Cikin 'yan mintoci sababbin wuƙaƙe sun fara fitowa, kuma yawansu yakan ninka har kusan sau dubu.

In laktos ya ƙare, alolaktos ma sai ya ƙare, mai gadi ya dawo siffarsa ta da, ya koma kan shinge, allunan da suka rage a wargaza su. Babu wanda ya ba da umarni daga sama. Abincin ne ya zo da mabuɗinsa, kuma da ya ƙare ƙofa ta rufe kanta.

In ga dabino ga madara fa?

Saura tambayar kwalbar Monod: me ya sa ƙwaya take ƙyale laktos muddin akwai gulukos? Dalili biyu ne.

Na farko, yayin da ƙwaya take shigo da gulukos, wani furotin da ke cikin masu wannan aiki yakan je ya riƙe ƙofar laktos ya hana ta aiki. Laktos bai shiga ba, alolaktos bai samu ba, mai gadi yana nan zaune.

Na biyu, masaukin ayarin laktos ba mai daɗin sauka ba ne. Magatakarda ba ya kama shi da kyau sai da ɗan rakiya, wani furotin da ake kira CAP. Shi kuma ɗan rakiyar ba ya tashi aiki sai wani ɗan ƙaramin sinadari mai suna cAMP ya manne masa. Wannan sinadari kamar kukan yunwa ne a cikin ƙwaya: yana ƙaruwa idan gulukos ya yi ƙaranci.

Ga yanayi huɗu, ku haddace su:

1. Akwai gulukos, babu laktos: mai gadi na kan shinge. Ayari na zango.
2. Akwai gulukos, akwai laktos: laktos da ƙyar yake shiga, ɗan rakiya kuma bai tashi sosai ba. Ƙira kaɗan ce ƙwarai.
3. Babu gulukos, babu laktos: ɗan rakiya ya shirya, amma mai gadi bai tashi ba. Ayari na zango.
4. Babu gulukos, akwai laktos: mai gadi ya saki, ɗan rakiya ya iso. Ayari ya tashi gadan-gadan.

Wato sai sharaɗi biyu sun cika: ga laktos, kuma babu abin da ya fi shi sauƙi. Uwar gida ma in akwai tuwo dafaffe a tukunya ba za ta ɗauko turmi ta fara surfe ba.

Mai gadin da ke aiki a juye

Ba kullum abinci yake buɗe shinge ba. Wani lokaci rufe shi yake yi. Furotin ana gina shi ne da tubala iri 20, ɗaya daga cikinsu sunansa tiriftofan. E. coli tana iya haɗa shi da kanta, kuma tana da ayari mai gaɓa biyar domin wannan aiki. Amma in mai hanjin ya ci nama ko wake, tiriftofan ya samu a ɓagas, me zai sa ta wahala?

Mai gadin wannan ayarin shi kaɗai ba ya iya kama shinge. Sai tiriftofan ya yawaita ya shiga gurbinsa, sannan siffarsa take daidaita, ya hau shingen ya tare hanya. In tiriftofan ya yi ƙaranci, mai gadi ya saki, a koma haɗawa. Charles Yanofsky na Jami'ar Stanford ya nuna a shekarun 1970 cewa akwai ma birki na biyu: ko magatakarda ya fara kwafa, in tiriftofan ya wadata sai ya yanke aikin tun kafin ya kai gaɓar farko.

Ku lura da bambancin. Ayarin laktos na ci ne, don haka zuwan abinci yake tashe shi. Ayarin tiriftofan na haɗawa ne, don haka samuwar abin yake kwantar da shi. Dabara biyu, manufa ɗaya: kada a yi aikin banza.

Mu koma ƙwaryar nono

Litar madarar saniya tana da laktos giram 45 zuwa 50. Masu mayar da ita nono ko kindirmo ba E. coli ba ce, waɗansu dangi ne irin su Lactococcus da Lactobacillus. Su ma da yawansu suna da irin wannan tsari: gaɓoɓin cin laktos suna ƙarƙashin mai gadi, sai laktos ya zo ake buɗe su. Suna cin sukarin suna fitar da tsami, tsamin ya sa madarar ta daskare, ya kuma hana yawancin ƙwayoyin cuta sakewa.

Shi ya sa iyayenmu mata suke tafasa madara, su bari ta huce ta yi ɗumi-ɗumi, sannan su zuba ɗan tsohon nono a ciki. Tafasawa ta kashe baƙin da ba a gayyata ba. Tsohon nonon kuma ya kawo ɗimbin ƙwayoyin da suka saba da madara, su riga kowa cin abincin. Madarar da aka bari haka nan cikin zafi, ba tafasa ba iri, duk wanda ya riga faɗawa shi ke ci, kuma ba lalle ya zama na kirki ba. Bambancin nono da ruɓaɓɓiyar madara ke nan.

Mashaƙo: lokacin da yunwar ƙwaya ta zama dafi

Yanzu mu zo inda rai yake ciki. Daga ƙarshen 2022 zuwa 2023 cutar mashaƙo ta ɓarke a arewacin Nijeriya, Jihar Kano ce ta fi jin jiki, dubban mutane suka kamu, akasarinsu yaran da ba a yi wa rigakafi ba ko ba a kammala musu ba. A 2023 ta bayyana a Nijar ma, musamman yankin Damagaram. Da yawanmu a nan muna da dangi a can, kuma hanyar Agadas zuwa Sabha ba ta rabuwa da matafiya. Don haka wannan ba labarin nesa ba ne.

Ƙwayar da ke kawo mashaƙo sunanta Corynebacterium diphtheriae. Tana zama a maƙogwaro, amma abin da ke kisa dafin da take fitarwa ne. Gaɓar da ke ɗauke da umarnin dafin ba ma tata ba ce ta asali: wani bairas mai shiga bakteriya ne yake kawo mata, kamar yadda aka gano a 1951. Wannan gaɓa ita ma tana da shinge da mai gadi, sunansa DtxR, kuma irin na tiriftofan ne. Abin da ke shiga gurbinsa shi ne sinadarin ƙarfe, wanda kowace ƙwaya take buƙata don ta rayu. In ƙarfe ya wadata, mai gadi ya hau shinge, babu dafi. In ƙarfe ya yi ƙaranci, mai gadi ya saki, ƙwaya ta shiga ƙera kayan farautar ƙarfe, tare da su kuma dafin.

Jikin mutum kuwa ɓoye ƙarfensa yake yi. Yana ɗaure shi a jikin furotin na jini da na majina da na yawu, don kada ƙwayoyin cuta su samu. Saboda haka ƙwayar da ta sauka a maƙogwaro cikin yunwar ƙarfe take, sai shingen ya buɗe. Dafin yana shiga ƙwayoyin jikin mutum ya tsayar da maƙerarsu, su mutu. Matattun ne suke taruwa su zama fatar nan mai ruwan toka da ke toshe maƙogwaro. In dafin ya bi jini yakan taɓa zuciya da jijiyoyi. Ko da magani, mutum 5 zuwa 10 cikin 100 na waɗanda suka kamu sukan rasu, a ƙananan yara kuma abin ya fi haka.

Kada wani ya ji wannan ya ce to a ba yaro maganin ƙarin jini mai ƙarfe ya warke. Sam, ba haka ba ne, jiki zai ɗaure ƙarfen kamar yadda ya saba. Yaron da ke da ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, wuyansa ya kumbura ko aka ga farin abu mai toka-toka a maƙoshinsa, asibiti za a kai shi a ranar. A can ake ba da maganin karya dafi da na kashe ƙwayar, kuma kada a tsaya ƙoƙarin kankare fatar a gida.

Amma ilimin nan ya yi amfani ta wata hanyar. Tun shekarun 1930 masana suka lura ƙwayar ta fi zubo dafi a ruwan kiwon da ƙarfensa ya yi kaɗan. Masu haɗa rigakafi da gangan suke kiwon ta cikin yunwar ƙarfe, su tara dafin, su kashe kaifinsa da sinadarin fomalin, dabarar da Gaston Ramon na Cibiyar Pasteur ya fito da ita a 1923. Wannan dafin da aka kashe wa kaifi shi ne a cikin allurar da ake yi wa jarirai sau uku a shekararsu ta farko, da ƙari daga baya. Jiki ya gan shi, ya koyi kama shi, ranar da na gaske ya zo ya tarar an shirya masa.

Shingen laktos a cikin allurar ciwon sukari

Misali na ƙarshe. Da wuya a samu unguwa a Sabha, daga Gurda har Mahdiyya, da babu mai ciwon sukari da ke allurar insulin. A da, daga cikin dabbobin da aka yanka ake tatso insulin, na shanu da na aladu. A 1978 masana na kamfanin Genentech da cibiyar City of Hope a Kalifoniya suka haɗa gaɓoɓin insulin na ɗan Adam, suka liƙa su a jikin gaɓar lacZ, a bayan masauki da shingen ayarin laktos, suka sa a cikin E. coli. Da aka buɗe shingen, sai ƙwayar ta shiga ƙera sassan insulin tana zaton wuƙar madara take ƙerawa. A 1982 aka amince a fara sayar da insulin da bakteriya ta ƙera. Yau akasarin insulin na duniya daga bakteriya ko yis yake fitowa, kuma har gobe shingen laktos na cikin makunnan da ɗakunan bincike suka fi amfani da su: a bar ƙwayoyi su yawaita tukuna shinge a rufe, in sun cika tulu a zuba sinadarin da ke ɗaga mai gadi, su duka su kama aiki lokaci ɗaya.

Abin da za mu riƙe

Umarnin yana nan a rubuce a kowane lokaci, abin da ke sauyawa shi ne wace gaɓa ake kwafa. Mai yanke wannan hukunci furotin ne da siffarsa take sauyawa idan abinci ya shiga gurbinsa. Laktos yana ɗaga mai gadi, tiriftofan da ƙarfe suna zaunar da shi, ƙarancin gulukos yana kiran ɗan rakiya.

Ga aiki guda da nake roƙon kowane ɗalibi ya yi a wannan hutu: ka tambayi Inna ko Baba katin rigakafin ƙannenka, ka duba ko an cika allurai ukun nan na farko. In an haifi yaro a hanya, ko an taso da shi daga gida kafin a kammala, a je cibiyar lafiya mafi kusa a nemi a cike masa. Wanda ya makara ba a sake masa daga farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa.

Tambayoyin bita

1. A misalin littafi, allo da maƙera, wanne ne zaren gado, wanne ne RNA, kuma me ya sa saurin wanke allo yake da amfani ga ƙwaya?
2. Idan aka samu E. coli da mai gadin laktos ɗinta ya lalace, ba ya iya kama shinge sam, me za ta riƙa yi a wurin da babu madara? Me zai same ta a tsere da 'yan uwanta?
3. Idan kuma gurbin alolaktos ne ya toshe a jikin mai gadin, me zai faru ranar da madara ta zo?
4. Ta wace fuska mai gadin dafin mashaƙo ya yi kama da na tiriftofan, ya kuma saɓa da na laktos?
5. Ƙwaya ɗaya mai rabuwa duk minti 30, nawa za ta zama bayan awa 5?

Wanda ya amsa ta biyu da ta uku ba tare da ya leƙa baya ba, ya bi sawun da Jacob da Monod suka bi, domin da irin waɗannan ƙwayoyi masu naƙasa suka gano akwai mai gadi tun ba wanda ya taɓa ganinsa.